Ranar da Muka Tsallake Suhail

George ne ya kawo wasan. Yayansa da ke jami'a a Jos ya dawo gida saboda yajin aikin malamai, ya zo da wani littafi da aka buga a injin kwafi, shafukan duk sun yi baƙi-baƙi, da wani dayis mai fuska ashirin. Da ya gaji da su ya bar wa George. Mu kuwa mun gama sakandare, muna jiran sakamako. Jalingo ta zama babban birnin jiha, ko'ina gini ake yi, amma ba wanda ya neme mu ko da ɗaukar bulo.

Mu huɗu ne: George, Tobiya, ni, da Suhail ɗan Bappa Njidda mai fataucin shanu. Muna zama bayan shagon kafinta na baban George a unguwar Sarkin Dawaki, kan wani benci da mai shi bai taɓa zuwa karɓa ba. Wasan ba shi da allo, ba shi da kati. George ne mai labari. Shi zai ce ga gari, ga daji, ga kogo, ga abin da ke numfashi a cikin kogon. Kowannenmu yana da mutum ɗaya a labarin. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa dayis. In lamba ta yi sama ka ci, in ta yi ƙasa ka sha wuya.

Tobiya dogo ne kamar falwaya, sai ya zaɓi wada mai gatari. Ya ce yana so ya ji abin da gajeru ke ji. Suhail, wanda ko kafaɗarsa bai kai ba, ya zaɓi wani ƙaton jarumi mai takobi, ya sa masa suna Jarmai. Ni ina ta juya shafuka har na kai wani zane. Mutum ne tsaye, da ƙaho biyu, da wutsiya ta leƙo ta ƙarƙashin riga.

"Wannan fa?"

George ya karanta Turancin a ransa, ya juya mana da Hausa. "Mutum ne kamar kowa. Kakan kakansa ne ya ƙulla alkawari da shaiɗan, jinin ya bi zuriya. Shi bai yi komai ba, haka aka haife shi. Amma duk garin da ya shiga sai an rufe ƙofa."

"Shi nake so."

"Ya dace da kai," in ji Tobiya. "Fuskar dai kana da ita. Ƙahon ne kawai za mu roƙi baban George ya sassaƙa."

Na sa masa suna Garwashi. Ban gaya musu dalilin zaɓin ba, su ma ba su tambaya ba.

Dalilin yana gidanmu a unguwar Nukkai, zaune kan kujera 'yar tsugunno, yana ɓarar gyaɗa. Kaka Jemima ce, uwar mahaifiyata. Tun ban yi wayo ba muna wani ƙauye bayan Sunkani. Ɗan maƙwabta ya kwanta zazzaɓi, cikin sambatu ya kama sunanta. A wurin mutanenmu, Kirista da Musulmi duk ɗaya, idan majinyaci ya kama sunan wani to an san fassarar: maye ne ya kama masa kurwa. Maganin kuma sananne ne. A kira wanda aka ambata, ya tsallake majinyacin, kurwar ta koma. Aka kira Kaka. Ta tsallake. Yaron ya tashi. Daga ranar ba wanda ya ƙara shan ruwa a gidanmu. Kuma an ce maita ta wajen uwa take bi. Shi ya sa muka dawo Jalingo, inda mutane suka yi yawa har ba kowa ya san kakar kowa ba.

A wasan, idan mai masauki ta rufe wa Garwashi ƙofa, ina iya sa shi ya yi murmushi ya nuna mata haƙora. Ina iya sa shi ya dafa ƙofar da tafin hannu har katako ya yi hayaƙi. Sau da yawa ma ba na sa shi yin komai. Sanin cewa zai iya ya ishe ni. Nakan koma Nukkai da yamma ina jin ƙafata ba nauyi.

Ranar da abin ya fara, damina ce tsakiya. Suhail ya zo yana dafe da kai, ya ce tun jiya yake sara masa, amma ba zai bari a shiga kabarin sarkin macizai ba shi ba. Muka shiga. Jarmai ne a gaba kamar kullum. George ya ce kibiya ta fito daga bango. Suhail ya jefa dayis, ya faɗi kan ɗaya.

"Dafi ne," in ji George. "Jarmai ya faɗi. Numfashinsa yana tafiya."

"Haba George. Don Allah a sake jefawa, bencin ne ya karkace."

"Bencin babana bai taɓa karkacewa ba."

"Ni zan ɗauki takobin," in ji Tobiya. "Kar ya lalace a banza."

Na tambayi George ko Garwashi yana da abin yi. Ya duba littafin, ya ƙara da nasa. Ya ce jinin da ke jikin Garwashi yana ba shi iko ɗaya: zai iya kama kurwar wanda ke mutuwa ya zuba a gora ya toshe, har a kai shi wurin mai magani. Na jefa. Lamba ta yi sama.

"Kurwarka tana wurina," na ce wa Suhail. "Tana cikin gora."

"Ka riƙe da kyau. Kar ka ba Tobiya, zai sha."

Muna cikin dariya hadari ya taso daga wajen duwatsu. Baban George ya ce a shigar masa da katako. Muka watse, Suhail ya tafi gida cikin ruwa.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. George ya leƙa gidansu ya ce zazzaɓi ne, ana ba shi jiƙo. Muka ajiye wasan, don ba a ci gaba da gora a hannu mai kurwar ba ya nan.

Kashegari da hantsi ina wanke wandona a bakin rijiya sai na ji sallama. Hanifa ce, yayar Suhail. Ta saba shigowa har ciki ta gaida Mama. Ranar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Iliya," ta ce. Haka gidansu suke kirana, ba sa cewa Elias. "Umma ta ce ka zo."

"Jikin ne?"

"Ya yi zafi. Ba ya gane mutane." Ta kalli ƙasa. "Yana ta kiran sunanka. Yana cewa kurwarsa tana wurinka a cikin gora, ka mayar masa."

Sabulu ya zame daga hannuna ya faɗa cikin bokiti.

"Wasa ne, Adda Hanifa. Wasan George."

"Na sani. Kullum yana cika mini kunne da shi. Na gaya musu. Amma Goggo Kadijatu ta zo daga Sunkani. Ta ce ta san kakarku."

Mama tana bakin murhu, ta ji komai. Ta taso da muciya a hannu.

"Ba ya zuwa. Ki gaya wa Umma ina gaishe ta, Allah ya ba shi lafiya, amma ɗana ba ya zuwa. Su kai yaro asibiti."

"Bappa yana kasuwar shanu a Iware, Mama. An aika masa. Goggo ta ce ba a fitar da shi sai an yi wannan."

Hanifa ta juya ta tafi, na ji ta tsayar da acaɓa a bakin titi.

Mama ta dube ni. "Da wanne za mu ji? Wa ya aike ka wasa da kurwa? Duk wasannin duniya, ƙwallo, dara, ludo, sai wannan? In ka tsallake ya tashi, sun ce kai ne. In ka ƙi ya mutu, sun ce kai ne. Gara ka zauna, aƙalla ba su gan ka kana ɗaga ƙafa ba. Ina za mu koma kuma? Yola?"

Kaka ba ta daina ɓarar gyaɗa ba. Na je na tsuguna gabanta.

"Kaka."

"Abokinka ne?"

"Eh."

"Yaron da na tsallake, yanzu yana da mata da 'ya'ya," ta ce. "Shi ya tashi. Ni ce ban tashi ba." Ta watsa ɓawo a ƙasa. "Amma da an mayar da ni ranar, uwarsa tana kuka a gabana, ban san ko zan iya ƙi ba. Kar ka tambaye ni. Ni ban iya ba da shawara a kan wannan ba."

Na sa riga na fita. Mama ta kira ni, ban juya ba.

Da ƙafa na tafi. Na haye gada, kogin ya cika ya yi ja. Ina tafe ina lissafa waɗanda za su daina amsa gaisuwata: mai shayin bakin titi, matan zumuntar cocinmu, Lois da ke zama bayana a ƙungiyar mawaƙa. Na tuna ƙanwata da ke aji biyu, da abin da yara za su riƙa kiranta. Na yi tunanin wucewa tasha. Ƙafata dai ta kai ni Sarkin Dawaki.

A ƙofar gidan Bappa Njidda akwai mutane fiye da yadda ake taruwa don zazzaɓi. Da suka gan ni suka buɗe hanya, suka buɗe ta da faɗi sosai. Wata mata ta ja ɗanta ta mayar bayanta.

An shimfiɗa wa Suhail tabarma ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ya rame, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Umma tana zaune wajen kansa da tsumma mai ruwa. Goggo Kadijatu, yayar Bappa Njidda, tana tsaye, doguwar tsohuwa mai zanen saƙi. Maƙwabta mata sun jeru jikin katanga.

Na durƙusa. "Umma, ina kwana. Ya mai jiki?"

"Iliya." Ba ta iya kallona ba. Wannan matar ta sha zuba mana fura a kwano ɗaya da ɗanta. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ka ji abin da yake faɗi."

Kamar ya ji. Suhail ya juya kai, ido a rufe. "Elias, gorar... kar ta fashe. Ka mayar mini. Na gaji."

Matan jikin katanga suka yi salati ƙasa-ƙasa.

"To ka ji da kunnenka," in ji Goggo. "Ba mu kira ka don faɗa ba. Ba wanda zai taɓa ka. Cire takalmi ka tsallake shi, ka tafi abinka."

"Goggo, wasa ne muke yi. Labari ne. Ba gora, ba komai."

"Wane irin wasa?"

Na fara bayani. Tun ina yi na san ina ƙara nutsewa. Na ce kowa yana da mutum a labarin. Ta ce nawa wane ne.

"Mai ƙaho ne," in ji wata yarinya daga jikin katanga. "Ina jin su in na je ɗiban ɓawon katako. Jikan shaiɗan ne."

"Wa ya ba ka shi?" in ji Goggo.

"Ni na zaɓa."

"Kai ka zaɓa." Ta juya ga Umma. "Kin ji ko? An baza masa mutane iri-iri, ya miƙa hannu ya ɗauki nasa. Ni na san gidan. Ina nan lokacin da kakarsa ta tsallake ɗan Maishanu, kafin la'asar yaro ya nemi abinci."

Umma ta ɗago kai ta dube ni a karo na farko. Idanunta sun kumbura. "Iliya, ni ban ce kai ne ba. Wallahi ban ce ba. Amma ka dube shi. In akwai, ka sake shi. In babu, me zai rage ka?"

Ta san abin da zai rage ni. Ni ma na sani. Na dubi Suhail, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri kamar na ɗan tsako. Na sunkuya na cire silifas.

"Salamu alaikum, a ba mu hanya, masu laifi ne suka iso."

Muryar Tobiya ce. Ya sunkuyo ta ƙofar zaure, George a bayansa, Hanifa a bayan George tana haki. Ashe daga Nukkai wurin su George ta wuce.

George ya durƙusa ya gaida Umma, ya gaida Goggo da Fulatanci, ta amsa a taƙaice. Ya ce, "Goggo, an ce ana neman wanda ya sa kurwar Suhail a gora."

"An same shi."

"To ai ni na ba shi gorar. Ba ta cikin littafin ma, ni na ƙirƙiro. Kibiyar da ta harbe shi ma ni na sa a bango."

"Ni kuma na so gudu da takobinsa tun bai gama mutuwa ba," in ji Tobiya. "In ana maganar mugunta, Goggo, ni ne babba. Wannan," ya nuna ni da haɓa, "ko kaza bai iya kamawa ba."

"Ba sunanku ya kira ba."

"Don bai ga dama ba ne. Suhail kullum yana nuna bambanci."

"Kai yaro, nan ba wurin wasa ba ne."

"Na sani, Goggo," in ji Tobiya, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Ya cire takalmansa ya jera su kusa da nawa. "Umma, ki yi haƙuri."

Kafin kowa ya gane, ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya tsallake Suhail. Ya juyo ya tsaya a can gefen.

Sai wata tsohuwa a jikin katanga ta ce, "Yau ga ikon Allah."

George ya bi bayansa. Shi da yake gajerun ƙafafu gare shi sai da ya dafa ginshiƙin rumfa.

"A hankali," in ji Tobiya. "Dama an ce in an tsallake mutum ba ya ƙara tsawo. Wannan ko ba a tsallake shi ba ya gama nasa."

Wani ya yi dariya a zaure ya haɗiye ta.

"Ku tsaya," in ji Goggo. "Ku tsaya na ce. Kuna ɓata abin."

Hanifa ta tattare zanenta da hannu ɗaya. "Ni ma kullum sai ya ba ni labarin har ƙarshe, Goggo. Ina ciki." Ta tsallake ƙaninta.

Sai duk suka juyo suna kallona, su ukun, daga ɗaya gefen tabarmar. George ya ɗan gyaɗa kai. Na matsa. Zafin jikin Suhail yana tasowa har ƙaurina. Na ɗaga ƙafa na wuce. Taku ɗaya ne. Tun ina yaro nake ganinsa a mafarki kamar rami, ashe faɗin tabarma ne kawai. Tobiya ya riƙe mini hannu a can gefen.

Goggo ta tafa hannu cikin takaici. "To yanzu in ya tashi, wa za a ce? Kun cakuɗa komai. Wa za a ce ya sake shi?"

Umma ta ajiye tsumman. Ta daɗe tana kallon yayar mijinta.

"Adda, ni ban kira yaron nan don a samu wanda za a ce ba," ta ce. "Na kira shi don ɗana ya tashi."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗar Hanifa, ta tsallake ɗan da ta haifa. Ta zauna a gefenmu, ta rufe fuska da gyale.

Daga nan abin ya fita hannun Goggo. Ƙannen Suhail ƙanana, da suke laɓe a ƙofar ɗaki, suka ga manya suna tsalle suka ɗauka izini ne. Suka rugo. Yarinyar ɓawon katako ma ta shiga layi. Sai da Hanifa ta ɗauki tsintsiya.

Ana cikin haka muka ji ƙarar mota a waje. Bappa Njidda ne, da akori-kurar wani abokin fataucinsa, takalmansa duk taɓon kasuwar shanu. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon takalma jere, yara suna haki, yayarsa tana faɗa da Fulatanci, matarsa tana kuka.

"Me ake yi a gidana?"

Ya wuce ya taɓa goshin ɗansa, ya janye hannu da sauri.

"Kuna nan kuna tsalle-tsalle yaro yana dahuwa. Ku, zaratan banza, ku kama tabarmar."

Muka kama, ni da George ta kai, Tobiya ta ƙafa. Bappa bai tambayi wanda ya kamata ya taɓa shi da wanda bai kamata ba. A bayan motar, warin shanu ko'ina, na ɗora kan Suhail a cinyata saboda gargada. Ya buɗe ido kaɗan.

"Elias."

"Ina nan."

"Mun fita daga kabarin?"

"Mun fita. Wurin mai magani za mu."

Ya rufe ido.

A asibiti suka ce zazzaɓin taifot ne ya haɗu da na sauro. Wata nas ta yi wa Bappa faɗa kamar ɗanta, ya sunkuyar da kai yana cewa gaskiyarki. Aka sa masa ruwa, aka yi allurai. Muka zauna a baranda har rana ta karkata. Can Tobiya ya ce yunwa yake ji, George ya ce shi dama bai san wani abu ba sai ci.

Ban ce musu na gode ba. Ban san yadda ake faɗinsa ba. Da za mu rabu na ce wa George, "Ka san maganar kakata?"

"Tun muna aji uku. Tobiya ya gaya mini."

"Ni kuma a coci na ji," in ji Tobiya. "Ka ɗauka don kyanka muka bar maka mai ƙahon? Ni ma na so shi."

Zazzaɓin bai sauka ranar ba, bai sauka washegari ba. Kwanakin nan ban fita ko bakin titi ba. Mama ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Ta dai daina zuwa kasuwa. Duk sallamar da aka yi sai ta miƙe tsaye.

Ranar Lahadi da safe George ya zo da keken babansa. Ya ce Suhail ya farka, ya sha kunu, ya zagi Tobiya. Ya ce Hanifa ta ba Suhail labarin abin da aka yi masa, ya rantse sai ya rama kan kowa ɗaya bayan ɗaya, har da Umma.

To ya tashi. Saura abin da gari zai ce.

Muka tafi coci don ba yadda za mu yi. Mama tana gaba, kanta a miƙe, jakarta a ƙirji. Bayan an tashi, Mama Esta, shugabar zumuntar mata, wadda labari ba ya shiga Jalingo bai biya ta gidanta ba, ta tare mu a bakin ƙofa. Ta kama hannun Mama. Na ga yatsun Mama sun ƙanƙame jakar.

"Maman Elias, ina son magana da ke a kan ɗan nan naki."

"Ina ji."

"An ce shi da ɗan kafinta da wannan dogon na gidan Noah sun je gidan mutane, yaro yana kwance rai a hannun Allah, suka mayar da shi abin tsallake. Gaban manya. Har suka ja yaran unguwa. Wannan wace irin tarbiyya ce? Zaman banza ne ke damunsu. A nema musu aiki."

"Shi ke nan abin da aka ce?"

"Bai isa ba? Duk Sarkin Dawaki ana maganar rashin kunyarsu." Ta juyo kaina ta ja mini kunne, da zafi, da hannunta tsirara. "Kai, ka ji ko? Marasa kunya kawai, dukanku."

"Na ji, Mama."

Mama ta ce za ta yi mini faɗa sosai. Ta faɗa da murya mai ƙarfi, har tana gode wa Mama Esta. Da muka sha kwana ta jingina da katangar wani gida, ta saki jakar ta faɗi ƙasa, ta yi ta dariya hawaye yana zuba. Na ɗauki jakar na tsaya ina jiranta.

A gida Kaka tana inda muka bar ta. Na tsuguna na ba ta labari tun daga farko, don ranar da abin ya faru ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Ta saurara, hannunta a kan tiren gyaɗa, ba ta ɓare ko ɗaya ba.

"Har uwar?" ta ce.

"Har ita."

"To me suke kiranka yanzu?"

"Mara kunya."

Ta gwada kalmar a bakinta a hankali. Ta gyaɗa kai.

"Wannan ana warkewa," ta ce. Ta tura mini tiren. "Zauna ka taya ni."